Ahmad Baba na Timbuktu, malamin da aka kwashe wa littafi 1,600

A dogon hutun da ya wuce Baffana ya miƙo mini mabuɗin akwatin ƙarfen da kakanmu ya bari, Allah ya jiƙansa, ya ce tunda ni ne malamin makaranta a gidan, in buɗe in ga abin da gara ta rage mana. Littattafai ne na rubutun hannu, warƙa-warƙa ba ɗinki, kowanne cikin tadarishinsa an ɗaure da igiyar fata. Na ɗauko Risala, na ɗaga warƙar farko wajen haske, sai ga tambarin jinjirin wata uku a jikin takardar, irin wadda ake kawowa daga Italiya a da. A saman warƙar akwai suna uku, kowanne da irin hannunsa da irin tawadarsa. Na farko na wanda ya kwafi littafin ne. Na biyu an kankare shi da wuƙa, sai inuwarsa. Na uku sunan wani malami ne na wani zango daban, ya rubuta cewa littafin ya shigo hannunsa ta hanyar saye. Sunan kakana kuwa babu shi ko'ina.

Abin ya tsaya mini a rai. Shekara da shekaru muna cewa littafin kakanmu, ga shi takarda ta faɗi wata magana daban. Cikin wannan tunani ne na koma kan tarihin mutumin da ya fi kowa sanin ciwon rabuwa da littafi a wannan yanki namu, wato Shehu Ahmad Baba na Timbuktu, garin da tsofaffinmu ke kira Tambutu.

Bari in ɗan yi bayanin wannan rubutu na warƙar farko tukuna, don ɗalibaina da na nuna wa hoton sun ɗauka ɓata littafi ne. Tsohuwar al'ada ce a duk inda ake karatu da Larabci, daga Alƙahira zuwa Fas zuwa nan. Turawa takarda suke bugawa mai ɗauke da suna da tambarin gidansu, su manna a bangon littafi ta ciki. Malamanmu da alƙalami suke yin nasu: wane ɗan wane ya mallaki wannan littafi, ta saye ko gado ko kyauta, wani lokaci har da kuɗin da ya biya da shekarar. Sarakuna da manyan alƙalai sukan ƙara da hatimi. In waƙafi ne, a rubuta cewa ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Masu littattafai a Masar da Sham sun yawaita amfani da wata kalma da take burge ni, nauba, ma'ana yanzu layi ya zo kaina, an riƙe kafin ni kuma za a riƙe bayana. A ƙarshen littafi kuma mai kwafa yakan faɗi sunansa, da ranar da ya gama, da wanda ya yi wa aikin. Matsalarmu a nan ita ce ba ma ɗinke littafi, kalmar da ake rubutawa a ƙasan warƙa ce kaɗai ke nuna wadda ke biye da ita. Don haka warƙar farko da ta ƙarshe, masu ɗauke da sunayen, su ne ke fara yagewa, su ne ke fara ɓata.

An haifi Ahmad Baba a 1556, a gidan Aƙit, Sanhajawa ne na ƙabilar Masufa. Kusan duk ƙarni na 16 alƙalancin Timbuktu a hannun wannan gida yake. Alƙali Mahmudu ya shekara 50 a kai, sannan 'ya'yansa uku suka bi juna: Muhammadu, da Aƙibu wanda ya sake gina masallacin Sankore, da Umaru. Kakan Ahmad Baba, Alhaji Ahmad ɗan Umar, ɗan'uwan Alƙali Mahmudu ne. Ya yi hajji a 1485, ya sadu da Imam Suyuɗi, kuma a dawowarsa, lokacin da Sonni Ali ya matsa wa malaman Timbuktu, ya shiga Kano ya koyar a can. Da ya rasu ya bar mujalladi kusan 700, wasu da hannunsa ya kwafa, ya cika gefensu da hashiya.

Mai karatu kada ya auna wannan adadi da shagon littattafai na yau. Hasanul Wazzan, wanda ya ziyarci Timbuktu a farkon ƙarnin, ya ba da labarin cewa ribar littattafan da ake kawowa daga Magrib ta fi ta sauran kayan fatauci. Tarihul Fattash ya ce Askiya Dawuda ya saya wa wani malami Ƙamus a kan miskali 80 na zinariya. Miskali ɗaya ya ɗan haura giram 4, mu kuma a ƙasar zinariya muke, kowa ya yi lissafinsa. Har yanzu a ɗakunan ajiya na Maroko akwai wasu mujalladai na ƙamusun Muhkam na Ibn Sida da aka kwafa a Timbuktu wajen shekarun 1570. A ƙarshensu an rubuta wanda ya kwafa, da wanda aka yi wa, da ladan da aka biya. Ba don waɗannan 'yan layuka ba, da babu wanda zai san cewa a bakin Kwara aka yi aikin. Marigayi John Hunwick ne ya yi nazari a kansu ya buga.

Ahmad Baba ya fara karatu wurin mahaifinsa da baffanninsa, amma malamin da ya gina shi Bawangare ne ɗan Jenne, Muhammadu Bagayogo. Wangarawan da muke sallah tare da su a zangunanmu, to, danginsu ne. Ya lazimce shi fiye da shekara 10. Muhtasar na Halil kaɗai sun bi shi kusan sau takwas, ga Muwaɗɗa, ga Tashil na Ibn Malik da ya ci musu shekara uku. Abin da ya fi tsaya mini a tarihin da ya rubuta wa malamin nasa shi ne batun aro. Ya ce Bagayogo yakan ba da aron littattafansa mafiya tsada, ba ya kuma tambayar a dawo da su. Ɗalibi zai zo ƙofar gida ya nemi littafi, ya miƙa masa ba tare da ya san ko wane ne ba, kuma ta haka littattafansa da yawa suka salwanta. Shi kansa Ahmad Baba wata rana ya je neman littattafan nahawu, malam ya shiga taska ya kwaso masa duk wanda ya samu. Ahmad Baba yabo ya yi, har ya ɗauke shi mujaddadin ƙarninsa. Ni da nake rubuta sunan duk yaron da ya ari littafi a kabad ɗin aji, in bi shi har gida in ya makara, sai na ji kunya. Amma kuma na tambayi kaina, waɗannan littattafan da ba su dawo ba, a gidan wa suka ƙare? Jikokin ɗaliban nan ai su ma cewa za su yi na kakanmu ne.

A watan Maris na 1591 rundunar Sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur, ta ƙetaro hamada da bindigogi a ƙarƙashin Judar Basha, ta karya rundunar Askiya Ishaƙa na biyu a Tondibi. Daular Songai ta faɗi, Timbuktu ta shiga hannun baƙi. Musulmi ne suka ci Musulmi da yaƙi saboda gishirin Tagaza da zinariya, malaman garin kuma ba su ɓoye ƙin abin ba. A watan Oktoba na 1593 sabon kwamanda, Mahmudu ɗan Zarƙun, ya kira malamai masallacin Sankore da sunan sabunta mubaya'a. Suna shiga aka rufe ƙofofi. An kashe wasu a hanyar kai su kurkuku, sojoji kuma suka faɗa gidajen Aƙit suka kwashe komai, dukiya da kaya da littattafai. Bayan watanni a tsare, a Maris na 1594 aka sa su cikin ayari da mari, har da tsohon Alƙali Umaru, har da mata da yara. A hanya Ahmad Baba ya faɗo daga kan raƙumi ya karye a ƙafa. Sun isa Marrakesh cikin watan azumi. Shekarunsa 37. A shekarar ne kuma Bagayogo, wanda aka bari a Timbuktu, ya rasu.

Marubucin tarihin Maroko, al-Ifrani, shi ne ya adana mana lissafin asarar. Ya ruwaito cewa Ahmad Baba yakan ce mujalladi 1,600 aka kwashe masa, kuma shi ne mafi ƙarancin littattafai a cikin danginsa. A dubi wannan magana da kyau. Mutum ya san adadin littattafansa kamar yadda makiyayi ya san garkensa. In kuwa na ƙaramin cikinsu ke nan, Allah kaɗai ya san abin da aka ɗebe daga gidajen manyan.

Ya yi shekara biyu a tsare, sai a 1596 aka sake shi da sharaɗin ba zai bar Marrakesh ba. Al-Ifrani ya kawo labarin shigarsa wurin Sarki. Ya tarar al-Mansur yana magana da mutane ta bayan labule, sai ya tuna masa cewa Allah ne kaɗai ke magana da bayinsa ta bayan shamaki, in yana da magana da su ya fito. Da aka ɗage labulen, cikin abubuwan da ya fara tuhumarsa da su har da ɓatar masa da littattafai, tare da wawushe masa kaya da jawo shi cikin mari har ya karye. Sarki ya ce haɗa kan Musulmi yake so. Malam ya tambaye shi me ya hana shi farawa da Turkawan da ke Tilimsan, ga su nan kusa da shi. An ɗan yi musayar hujjoji, zaman ya tashi Sarki ya yi shiru. Littattafan dai ba a mayar ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da nake so ɗalibaina su riƙe. An ba shi wurin karantarwa a masallacin Shurafa, majalisinsa ya cika, har alƙalai da muftai na Fas da Marrakesh suna zama a gabansa, ana turo masa tambayoyin fatawa daga ko'ina. Al-Maƙƙari, wanda daga baya ya rubuta tarihin Andalus, ya sadu da shi a can. Kuma a wannan shekara ta 1596 ya kammala babban aikinsa, Nailul Ibtihaj, tarihin malaman mazhabar Malikiyya kimanin 800, ciko ga littafin Dibaj na Ibn Farhun. A 1603 ya sake tace shi ya fitar da Kifayatul Muhtaj. Wane irin littafi ne wannan? Sunaye ne: wane ɗan wane, ya yi karatu wurin wane, ya rubuta kaza, ya rasu shekara kaza. A tsakiyar malaman Alƙahira da Fas da Ƙurɗuba ya jera na ƙasarsa, kakansa da mahaifinsa da baffanninsa da Bagayogo, har da Makhluf al-Bilbali wanda ya koyar a Kano da Katsina. A ganina aikin warƙar farko ne ya yi wa garinsa gaba ɗaya, a cikin birnin waɗanda suka kwashe warƙoƙin. Yawancin abin da muka sani yau game da malaman Timbuktu na wancan ƙarni daga nan ya fito, shi kansa mai Tarihus Sudan daga wurinsa ya ɗebo.

Annoba ta kashe al-Mansur a 1603, 'ya'yansa suka kama yaƙi da juna. Ɗaya daga cikinsu, Maulaya Zaidan, shi ya ba Ahmad Baba izinin komawa gida. Ya isa Timbuktu a 1608, bayan shekara 14, mafi yawan waɗanda aka tafi da su tare kuwa suna kwance a maƙabartar Marrakesh.

Ba zan tsallake fatawarsa ta 1615 ba, Mi'irajus Su'ud, ko da yake tana da ɗaci. Mutanen Tuwat ne suka tambaye shi hukuncin bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata. Ya amsa cewa launin fata ba dalilin bauta ba ne, ya yi watsi da tatsuniyar la'anar Hamu ɗan Annabi Nuhu, ya lissafa Kano da Katsina da Borno da Songai cikin ƙasashen Musulunci da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Ya kuma kawo yadda Alƙali Mahmudu ke hukunci: in wanda ake riƙe da shi ya ce shi ɗa ne, a karɓe shi daga hannun mai riƙon har sai mai riƙon ya kawo hujjar mallaka. Sai dai bai haramta bautar kanta ba, har ma ya ambaci Mosi da Gurma da Dagomba da Kotokoli cikin waɗanda a lokacinsa ba su musulunta ba. Rabin ajina 'ya'yan waɗannan al'ummomi ne, wasunsu sun fi ni haddar Alƙur'ani. Na karanta musu yadda yake, na ce malam ya yi gaba da mutanen zamaninsa da nisa, amma a nan ya tsaya, mu kuma ba a nan za mu tsaya ba. Ɗan Adam ba littafi ba ne. Amma ƙa'idar nan ta Alƙali Mahmudu, cewa kasancewar abu a hannunka ba hujja ba ce, ta bi ni har gaban akwatin kakana.

Yanzu a ji yadda ta kaya da taskar gidan sarautar Maroko. Zaidan mai son karatu ne, ya gaji littattafan mahaifinsa ya ƙara nasa, kuma yakan rubuta sunansa da hannunsa a kansu. A 1612 wani ɗan tawaye, Ibn Abi Mahalli, ya kore shi daga Marrakesh. Ya gudu Safi a bakin teku, ya yi hayar jirgin wani Bafaranshe mai suna Kastelan don ya kai masa kayansa Agadir, ciki har da littattafai kusan 4,000. Da kuɗin haya ya yi jinkiri, Bafaranshen ya juya jirgi ya nufi ƙasarsu da kayan. A hanya jiragen yaƙin Sifaniya suka kama shi, kuma a 1614 Sarki Filib na uku ya sa aka ajiye littattafan a Eskoriyal, wata babbar fada mai gidan ibadar Kirista kusa da Madrid. Zaidan ya yi ta aike yana neman a dawo masa da su har ya mutu. Gobarar 1671 ta cinye kaso mai yawa. Sarakunan da suka biyo baya su ma sun tura jakadu, ba a ba su taskar ba. Sai a 2013 Sifaniya ta miƙa wa Maroko hotunan abin da ya rage, littattafan kuwa suna nan a Eskoriyal. Ba murna nake yi ba, asarar littafi asarar kowa ce. Abin lura shi ne, yau masu bincike da rubutun warƙar farko suke bin sawun wannan taska: wannan na Zaidan ne, wancan na mahaifinsa, wannan kuma kafin ya iso fada ya biyo ta hannun malam wane a Masar ko a Fas. Sarautar Sa'adiyawa ta shuɗe tuntuni, layi biyu na tawada ne suka rage suna ba da shaida.

Ahmad Baba ya ƙarasa rayuwarsa yana karantarwa da ba da fatawa a Timbuktu, ya bar rubuce-rubuce fiye da 40. Ya rasu ran 22 ga Afrilu 1627, Zaidan ma a shekarar ya rasu. Cibiyar adana rubuce-rubucen hannu da aka buɗe a Timbuktu a 1973 sunansa aka sa mata. A Janairun 2013 'yan bindigar da suka mamaye garin suka cinna wa rubuce-rubuce sama da 4,000 wuta a sabon gininta da ke kusa da Sankore, daf da inda aka kama shi. Mafi yawan taskokin garin sun tsira ne saboda mutane sun riga sun sulale da su Bamako cikin akwatunan ƙarfe, a mota da kwalekwale.

Na kai wa Baffa maganar Risalar nan. Da farko bai so ba. Ya ce kaka ya yi almajiranci wurin wancan malami yana saurayi, ƙila kyauta ya ba shi, kuma wa ya taɓa zuwa nema? Na ce Baffa, ƙila kyauta ce, amma kaka mutum ne mai rubuta sunansa har a gindin buta, sauran littattafan akwatin duk da sunansa, wannan kaɗai ya bari. Ya yi shiru, can ya ce in nemo mota ranar Asabar.

Kafin mu tafi na yi abin da aka yi a Jami'ar Gana da ke Legon a shekarun 1960, lokacin da Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo da abokan aikinsu ke bin garuruwa suna aron littattafan malamai, a ɗauki hotonsu, a rubuta sunan mai littafi da garinsa, a mayar masa da abinsa. Na ɗauki hoton kowace warƙa da waya, gaba da baya.

Mun sami jikan malamin, tela ne, ya manyanta. Ya ce ambaliya ta cinye duk abin da kakansu ya bari tun yana yaro, bai taɓa ganin rubutun hannunsa ba. Ya riƙe warƙar ya daɗe yana kallo, keken ɗinki a tsaye. Ya so ya bar mana littafin, Baffa ya ƙi. Daga ƙarshe suka daidaita a kan a kira limamin unguwa ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin na ukun, cewa littafin ya zauna aro a hannun kakanmu da zuriyarsa, an dawo da shi a wannan shekara. Suna ya zama huɗu.

Na biyun nan da aka kankare, mun haska shi da tocilan waya ta gefe, ni da liman da telan. Harafi biyu na farko sun fito, mim da ha ƙarami. Ko Muhammadu ne ko Mahmudu, kuma a zangon nan babu gidan da babu su.